Lambun Iyali: Yaushe Akan Shuka Boraj?

Yau za mu leƙa bakin tekun Italiya, wajen birnin Janowa, inda sanyi ba ya tsanani. Can akwai wani ganye, boraj, mai shuɗin fure kamar tauraro, ɗanɗanonsa kuwa kamar kokwamba. Mata sukan dafa shi su cusa cikin taliya.

Akan shuka shi a Maris ko Afrilu, sa'ad da sanyi ya ja baya. Waɗansu sukan shuka a Satumba domin ya yi fure da wuri, amma mu dai mun fi amincewa da Afrilu. A binne irin inda zai zauna, gama saiwarsa doguwa ce, ba ta son dashe. Bayan kamar mako 8 sai fure, ƙudan zuma su cika lambu.

Masu ciki da masu shayarwa, ku ƙyale shi. Yawan cinsa yakan taɓa hanta.