Korar Sarki Ba Ita Ce Jamhuriya Ba: Gyara ga Darasin Rum

Akwai wani taƙaitaccen bayani da ɗalibai kan haddace game da Rumawa: wai sun kori sarkinsu a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), jamhuriya ta kafu, sannan suka zare takobi suka ci Italiya. Da shi ake cin jarrabawa, amma darasi ne gurgu. Illarsa kuma ta wuce aji, domin yana koya wa matashi cewa da zarar an tumɓuke mai mulki an gama aiki, kuma ƙasa da ƙarfin tuwo take girma.

A fara da korar sarkin. Bisa ruwayar Rumawa, bayan tafiyar Tarkwiniyus Mai Girman Kai an ɗora shugabanni biyu masu laƙabin konsul, wa'adinsu shekara ɗaya, kowanne na iya taka wa ɗan'uwansa birki. Sai dai 'ya'yan manyan gidaje ne suka gaje mulkin. Talaka ya je yaƙi ya dawo, ya tarar bashi ya cinye gonarsa, mai binsa bashi ya sa shi bauta. A shekara ta 494 talakawa suka fice daga birnin, suka ƙi ɗaukar makami, sai da aka yarda su zaɓi wakilansu masu ikon dakatar da hukuncin shugaba. A 451 zuwa 450 aka rubuta dokoki a Alluna Goma Sha Biyu, shari'a ta daina zama sirrin manya. A 367 aka buɗe wa talaka kujerar konsul. Sai a 287 shawarar majalisar talakawa ta zama doka a kan kowa. Shekara 222 ke nan ana ja-in-ja, kuma wannan ja-in-jar ita ce ta gina jamhuriyar.

Sai batun faɗaɗa ƙasa. Ɗalibin Malanville ya fi kowa damar gane shi, domin Rum ma gari ne na mashigar kogi. A bakin Kogin Taiba take, inda fataken gishiri ke ƙetarewa, da kasuwar shanu daf da ruwa, kamar yadda Malanville take a bakin Kwara, gada na haɗa ta da Gaya, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa na cin kasuwarta. Irin wannan gari da baƙo yake rayuwa, kuma Rum ta mai da wannan siyasa. A 381 ta ba mutanen Tuskulum 'yancin zama 'yan ƙasa. A 338, bayan ta karya tawayen garuruwan Latin, ta ba wasunsu cikakken 'yanci, wasu kuma ta ƙulla alkawari da su ɗaya-ɗaya. Abin da take nema wurin abokan alkawari shi ne mayaƙa, ba haraji ba, kuma suna da rabo a ganima.

Masu ra'ayin takobi za su kawo birnin Weyi, wanda Rum ta ci a 396 ta sayar da mutanensa bayi. Gaskiya ne, Rumawa ba su san tausayi ba a fagen fama. To amma takobi kaɗai ba zai bayyana abin da ya biyo bayan yaƙin Kanne na 216 ba. Hanibal ya ragargaza rundunar Rum, Kafuwa da wasu biranen kudu suka koma bayansa, amma garuruwan Latin da na tsakiyar Italiya suka tsaya, Rum ta tara wata runduna daga cikinsu. Da kuma ta hana sauran abokan alkawari cikakken 'yanci, sai suka yi mata tawaye a shekara ta 91, ala tilas ta ba su.

Saboda haka dabara ɗaya ce a cikin birni da wajensa: a jawo wanda aka bari a waje, talaka ne ko maƙwabci, a ba shi rabo da dokar da za ta kare shi. A yankin da juyin mulki da rufe iyaka ba baƙin abu ba ne, kamar yadda gadar Malanville ta shaida tun Yuli 2023, bai kamata malami ya rufe darasin a kan 509 ba. Ya kai ɗalibansa har 287, ya tambaye su wane ne ya samu me, kuma ta wace hanya.