Wa ya ci kuɗin allurar?

Jama'a, ni ban taɓa riƙe sandar besbol ba, amma binciken nan na Amurka yana ba ni haushi.

A 1998 Mark McGwire ya buga ƙwallo ta fice fili sau 70. 'Yan kallon da yajin aikin 1994 ya kora suka dawo, kuɗi ya shigo. Wani ɗan jarida ya ga kwalbar maganin ƙara ƙarfi a kabad ɗinsa ya rubuta, sai aka hau ɗan jaridar da zagi.

Shugaban gasar, Bud Selig, bai nemi bincike ba sai 2006, bayan majalisa ta taso su gaba. Kuma wa ya ɗauko? Tsohon sanata George Mitchell, darakta a ƙungiyar Boston Red Sox. Ɗan gida ke binciken gida! A Disamba 2007 ya fito da sunayen 'yan wasa 89.

Ban ce ba su sha ba, wasu sun amsa da bakinsu. To masu ƙungiyoyin da suka cika aljihu fa, ina sunayensu? Har yau an ƙi shigar da Barry Bonds zauren gwarazan wasan. Selig kuwa ya shiga tun 2017, ana ta yi masa tafi.