Mace Ta Koma Ga Sunan Mahaifinta Bayan Saki: Me Shari'a Ta Ce?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda yake duba jaridun Najeriya zai ga shafin sanarwar canjin suna ba ya rabuwa da sunayen mata. Wata ta yi aure ta ɗauki sunan miji, wata aure ya mutu tana neman komawa sunan mahaifinta. A da ba a cika damuwa ba, domin suna a baki yake. Amma tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN a 2014, kuma gwamnati ta wajabta haɗa lambar NIN da layin waya a ƙarshen 2020, suna ya zama abin da ake kullewa da buɗewa da shi. Sai ka ga baiwar Allah takardun makarantarta da sunan uba, asusun bankinta da sunan tsohon miji, fasfonta da na sabon miji. Ta tashi karɓar haƙƙinta ko tafiya aikin Hajji, a ce sunaye ba su dace ba.

Ki sani, ya ke 'yar'uwa, komawa ga sunan mahaifinki komawa ce ga asali, kuma babu buƙatar izinin tsohon miji. A Suratul Ahzab, aya ta 5, Allah ya yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a hannun Annabi (SAW) har ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu, da ayar ta sauka sai aka mayar masa da sunan ubansa. Dubi kuma iyayen muminai. Babu mijin da ya kai Manzon Allah daraja, amma har yau A'isha 'yar Abubakar muke cewa, da Hafsa 'yar Umar. Safiyya 'yar Huyayyu mahaifinta yana cikin shugabannin Yahudawa da suka yi gaba da Musulunci, duk da haka ba a cire mata sunansa ba.

Al'adar ɗaukar sunan miji daga Ingila ta zo mana, inda tsohuwar dokarsu take ɗaukar matar aure a matsayin wadda ta shige ƙarƙashin mijinta, ita da dukiyarta. Musulunci kuwa ya bar wa mace dukiyarta da nasabarta, aure bai taɓa ko ɗaya ba. Miji yakan canja ta hanyar saki ko mutuwa, uba ba ya canjawa.

Sai dai a yi adalci. Faɗin “wance matar wane” don a gane ta ba laifi ba ne. Suratut Tahrim ta ambaci matar Nuhu da matar Luɗu da matar Fir'auna, kuma a hadisi an gabatar da Zainab ga Annabi (SAW) da cewa matar Ibnu Mas'ud ce. Don haka wasu malaman zamani suka sassauta idan manufar sanarwa ce kawai. Wasu kuma suka hana, saboda a tsarin sunayenmu suna na biyu na uba ne: wanda ya ji “Hauwa Musa” ɗiyar Musa zai ɗauka. Wannan ra'ayin ya fi kusa da tsantseni, musamman da yake Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Wadda ta yi a kan rashin sani ko don ofis ya tilasta mata ba ta shiga wannan gargaɗin ba, amma ta gyara idan ta sami hali.

Game da lokaci: in saki na kome ne, matuƙar kina cikin idda ke matarsa ce, yana iya mayar da ke. Gyara sunan halal ne ko da aure yana nan, amma kada a mayar da shi makamin fushi da zai toshe ƙofar sulhu. Hanyar gyaran sananniya ce: takardar rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, sannan a gyara a hukumar NIMC, da banki, da ofishin fasfo. Ki adana takardar saki da tsofaffin takardu, domin ranar fansho ko rabon gado za a neme su.

Yanzu ga inda hatsarin yake. Wasu mata, saboda zafin abin da aka yi musu, ba sa tsayawa kan nasu sunan, sai su canja wa 'ya'ya: a makaranta a rubuta yaro da sunan kakansa na wajen uwa, ko na sabon miji. Wannan haramun ne, babu saɓani. Ko uban ya yi zalunci, ko ya ƙi ciyarwa, ɗa nasa ne. Ciyarwa a kotu ake nemanta, ba a goge nasaba saboda ita. A kan nasaba ake gina gado, da waliccin aure, da sanin muharrami. Yarinyar da ta tashi da sunan mijin uwarta, ranar ɗaurin aurenta wa zai zama waliyyinta? Yaron da bai san dangin ubansa ba, me zai hana shi neman wadda ta haramta gare shi?

Kai kuma ɗan'uwa, kada ka ga ƙin ɗaukar sunanka raini ne, kada kuma ka riƙe takardun matar da ka saka don ka wahalar da ita. Allah ya yi umarni da rabuwa cikin kyautatawa. Ku iyaye, ku tsaya ranar cike takardun 'ya'yanku mata, a bar musu sunanku tun farko, magani tun kafin ciwo.

Allah ya daidaita tsakanin ma'aurata, ya tsare mana nasabarmu. Wallahu a'alam.