Kira Ga Masu Tsofaffin Babura

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ja kunnen 'yan'uwana.

Ina da babur Honda CD175 da na gada wurin mahaifina, da shi nake kai tumatir kasuwar 'Yankaba. Bara ya fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Ashe ɗan bututun da sandar bawul ke kai-komo a ciki ne ya cinye, mai na zurarewa ta nan. Wani makanike ya hau sabon bututu da guduma, kan inji da sanyinsa, sai ga tsaga. Garin neman gira na rasa ido, don sai da buhun masara 2 suka tafi kafin na samo wani kan.

Wani dattijo a Sharada, tsohon ma'aikacin masaƙa, shi ya fahimtar da ni cewa kan injin na alminiyam ne. Sai an gasa shi ya buɗa, sannan bututu ya shige salin-alin. Daga nan a gyara raminsa daidai kaurin sandar, a sake wasa mazaunin bawul.

Masana'antu da yawa sun rufe a Sharada da Challawa da Bompai, masu irin wannan sani kuwa sai ƙarewa suke. Ina roƙon gwamnatin Kano da ƙungiyoyin makanikai su nemo su, su koya wa yaranmu tun da sauran lokaci.

Mu kuma, kafin mu miƙa babur, mu tambayi makanike: gasawa za ka yi ko duka?

Naku,
Wani manomi,
Kura, Jihar Kano.