Soɓo a kasuwa, « bissap » a mashaya

Takardar abin sha ta mashayun zamani na Yamai, inda matasa masu abin hannu ke hira da sauraron kiɗa har dare ya raba, ta cancanci nazarin masu ilimin harshe. Soɓon da ake ƙullawa a leda a bakin kasuwa, can sunansa « bissap », kalmar Wolof da Faransanci ya goyo zuwa Nijar. Tsire ya koma « brochette ». Da suna ya sauya, sai kuɗi ya ninka. Kilishi ne ya tsira da sunansa, wataƙila don Faransanci bai sama masa wani ba.

Aro ba aibi ba ne. Da shi Hausa ta samu lakwal da mushe. Illar tana inda suna ke ɓoye abin da ke cikin kofi. Mojito, wanda asalinsa daga Kuba yake, haɗin giyar rake ne da lemun tsami da na'ana'a da sukari. Kalma guda ta Ingilishi, « virgin », ita ke shaida cewa an cire giyar. Ɗalibin da ba ya shan barasa, bai kuma san kalmar ba, ya dogara ke nan ga yaron mashaya, ga kiɗa ya cika kunne, ga kunyar tambaya gaban abokai.

Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka mai mashaya bai ga dalilin rubuta « ba giya » a gefen sunan ba, alhali da Hausa ko Zabarmanci yake ciniki da mai kawo masa lemun tsamin.