Dandalin Lissafi: Inda 1 da 1 ke ba da sifili

A wannan makon kowa ya yanko alwatika daga kwali, mai gefe uku daidai wa daida, ya rubuta A, B da C a kusurwoyinta. Ta hanya nawa za mu ɗaga ta mu mayar da ita gurbinta ta zauna daram? Shida ne: mu bar ta yadda take, mu juya ta dama ko hagu, ko mu kifa ta ta hanyoyi uku. Masana lissafi suna kiran irin wannan tarin motsi rukuni.

A 1896 wani Bajamushe, Frobenius, ya fito da dabarar yi wa rukuni tambari da lambobi. Rukuninmu yana da tambari uku na asali. Na farko ya ba kowane motsi 1. Na biyu ya ba kifawa −1, sauran kuma 1. Ku duba: kifawa sau biyu ita ce −1 sau −1, wato 1, alwatika ta koma yadda take. Na ukun ana gina shi daga jadawali mai layi biyu da ginshiƙi biyu.

Yanzu mu sauya dokar ƙirga. A agogo, awa 5 bayan ƙarfe 9 ƙarfe 2 ne. To, mu ɗauki agogon da lambobinsa 0 da 1 ne kawai. A nan 1 da 1 sifili ne, don haka −1 da 1 abu guda ne. Tambari na farko da na biyu sun haɗe, saura biyu.

Richard Brauer, wanda gwamnatin Nazi ta raba da aikinsa na jami'a a Jamus a 1933, shi ya gina wannan fanni bayan ya koma Toronto a Kanada. Ya tabbatar da cewa za a iya sanin adadin tun kafin a nemo tamburan. Motsinmu iri uku ne: tsayawa, juyi da kifawa. Juyi sai an yi sau 3 ake dawowa, kifawa sau 2. A jefar da wanda adadinsa ke rabuwa da 2, saura iri biyu. Lissafi ya yi daidai.

Motsin nan shida su ne kuma jadawalai shida, cikin 16 da ake cikawa da 0 da 1, waɗanda ake iya warware aikinsu. Wannan ya sa alwatikarmu cikin dangin rukunan Lie, masu sunan Sophus Lie ɗan Norway, waɗanda Claude Chevalley na Faransa ya nuna hanyar gina su da irin wannan lissafin agogo a 1955. Mafi yawan tubalan da ake gina rukunai masu iyaka da su daga wannan dangi suke.

Sanin adadin tambura daban, sanin girman kowanne daban. Har yau babu wata doka guda da ke faɗar girman nan ga dukkan rukunan Lie. Aiki ne da ke jiran masu tasowa, kuma ƙofarsa ita ce lissafin da kuke yi a aji.

Aikin gida: a agogo mai 0, 1 da 2, wane irin motsi za a jefar, tambari nawa za su rage? Ku aiko mana da amsa da sunan makarantarku.