Baƙon malami ba ya koyarwa sai ya sami wurin kwana

Duk ƙarshen watan Satumba dubban matasa daga ƙasashe daban-daban suna sauka a Faransa riƙe da takardar ɗaukar aiki, domin su taya malaman makarantun gwamnati koyar da harsunan waje. Guraben sun kai kimanin 4,500 a shekara, kuma kaso mafi tsoka na masu Turanci ne: Amurkawa, 'yan Birtaniya, 'yan Kanada, 'yan Indiya, har da 'yan Afirka daga ƙasashe irin su Kenya da Ghana da Najeriya. Tsarin ya daɗe, domin tun 1905 Faransa da Birtaniya suka fara musayar irin waɗannan mataimakan malamai, kuma a yau hukumar France Éducation International da ke garin Sèvres kusa da Paris ce ke kula da shi. Abin da ake nema wurin matashin bai da wuyar faɗa: ya sa yara su saki baki su yi magana da Turanci, su ji shi daga wanda ya tashi da shi. Amma kafin ya kai ga haka sai ya sami ɗaki, ya buɗe asusun banki, ya san motar da za ta kai shi makaranta, ya san kuma wanda zai tambaya idan abu ya shige masa duhu. An saba ɗaukar waɗannan a matsayin matsalarsa ta ƙashin kansa. Ni kuwa ina ganin zaunar da shi yana cikin aikin koyarwar, kuma nauyin yana kan makaranta da hukumar da suka gayyato shi.

Lissafin lokaci kaɗai ya isa hujja. Kwantiragin yana farawa ran 1 ga Oktoba ya ƙare ran 30 ga Afrilu, wato wata bakwai, kuma aikin awa 12 ne a mako. A cikin wata bakwan nan makarantun Faransa suna hutu sau huɗu, kowanne mako biyu: na ƙarshen Oktoba, na Kirsimeti, na tsakiyar hunturu, da na wajajen Afrilu. Idan aka cire su, abin da ya rage bai wuce mako 22 ba, kimanin awa 260 ke nan a gaban ɗalibai, kuma sau da yawa ana raba su tsakanin makarantu biyu ko uku. Wannan shi ne duk abin da gwamnati ke biyan albashin wata bakwai dominsa. To idan makonni shida na farko na koyarwa suka tafi a neman ɗaki da bin ofisoshi, mataimakin yana shiga aji jikinsa na nan hankalinsa na wurin mai gidan haya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na amfaninsa ya salwanta. Kuma makonnin farkon su ne masu tsada, domin a cikinsu ɗalibai ke yanke shawara ko wannan baƙon wanda za a saki jiki da shi ne ko kuwa a yi shiru har a buga ƙararrawa.

Wanda bai san yadda ake kama haya a Faransa ba zai ɗauka ana zuzuta abin ne. Mai gida yakan nemi takardun albashin watanni uku da suka wuce, da wani mazaunin ƙasar da zai tsaya wa ɗan haya idan ya gaza biya, da kuɗin ajiya na wata ɗaya, ko biyu idan ɗakin da kaya a ciki. Sabon zuwa ba shi da takardar albashi, ba shi da mai tsaya masa. Banki kuma yana son shaidar adireshi kafin ya buɗe asusu, ofishin biyan albashi yana son lambar asusu kafin wata ranar da ya tsayar a watan Oktoba, in ba haka ba kuɗin farko sai ƙarshen Nuwamba. Kowace ƙofa mabuɗinta na bayan ɗayar. A tsakanin nan matashin yana kwana a masaukin matafiya da ake biya kullum, jakarsa a ɗaure ƙarƙashin gado, yana shirya darasin gobe a kan gwiwarsa cikin hayaniyar masu yawon buɗe ido. Albashin da yake jira kuwa kimanin Yuro 800 ne bayan an cire haraji da kuɗin inshora, wanda a Paris ɗaki ɗaya zai iya lamushe mafi yawansa. Akwai tallafin haya na hukumar CAF, akwai kuma tsarin Visale da ke tsaya wa matasa a madadin dangi, sai dai duka biyun sai wanda aka gaya wa ya san da su, kuma kuɗin CAF ba ya zuwa da wuri.

Hujjar farko da masu adawa da wannan ra'ayi ke kawowa ita ce ai waɗannan ba yara ba ne. Sharaɗin shiga shi ne shekara 20 zuwa 35, da karatun jami'a, da Faransanci gwargwadon wanda za a yi hulɗa da shi, kuma wahalar tsayuwa da ƙafa a baƙuwar ƙasa tana cikin abin da suka je koyo. Akwai gaskiya a ciki, domin wanda aka yi wa komai ba ya koyon gari. Amma a duba wa wannan wahala take tacewa. Wanda iyayensa ke da hali yakan zo da guzurin da zai ci wata biyu bai taɓa albashi ba, ya kama ɗaki mai tsada na ɗan lokaci, ya jira hankali kwance. Wanda ya haɗa kuɗin jirgi da ƙyar daga Nairobi ko Kumasi ko Kaduna, ya canza kuɗin ƙasarsa zuwa Yuro ya ga sun koma 'yan kaɗan, ba shi da wannan sararin, kuma bizar da ya shigo da ita ta aikin makarantar ce kawai, ba ta ba shi damar neman wani aiki a gefe ba. Jarrabawar da aka ce ta juriya ce sai ta koma ta aljihun iyaye. Tsarin da ke alfahari da kawo wa yaran Faransa Turancin duniya iri-iri bai kamata ya bar ƙofarsa ta ƙuntace wa waɗanda suka fi nisa da kuma waɗanda suka fi ƙaramin ƙarfi ba.

Japan ta nuna cewa ana iya yin abin ta wata hanya. Shirinta na JET ya fara a 1987 da mutum 848 daga Amurka da Birtaniya da Ostireliya da New Zealand, yau kuma yana ɗauke da fiye da 5,000, galibinsu mataimakan malaman Turanci. Ana biyan kuɗin jirgi, ana tara sababbin zuwa a Tokyo na 'yan kwanaki a yi musu bayani, sannan hukumar ilimin garin da aka tura mutum ta karɓe shi. A mafi yawan wurare akwai jami'in da aka ɗora wa alhakinsa, wanda zai kai shi ofishin gari ya yi rajistar adireshi, ya raka shi banki, ya nuna masa ranakun da ake fitar da kowane irin shara, abin da maƙwabta a can ba sa wasa da shi. Sau da yawa ɗakin wanda ya gada yana jiransa. Ba a ce babu koke ba, amma da wuya ka ji koken rashin wurin kwana. Koken da ya fi yawa a can na wani abu ne daban, kuma shi ne rabin maganar da ake mantawa: mataimakin da aka mayar rediyo, ana kiran sa ya karanta jimla daga littafi yara su maimaita, ya koma ya zauna a teburinsa a ɗakin malamai ba mai ce masa uffan har a tashi. Wannan ma rashin masauki ne. Mutum yana iya samun ɗaki mai ɗumi amma bai san matsayinsa a makaranta ba, ba a gabatar da shi ga sauran malamai ba, ba a gaya masa abin da aji ya karanta makon jiya ba, ba a ma sanar da shi an soke darasi ba sai ya yi tafiyar awa guda ya tarar da ajin a kulle.

Mu nan ba baƙin wannan magana ba ne. Tun da aka kafa hidimar ƙasa a Najeriya a 1973, kowa ya san bambancin makarantar da shugabanta ya tanadi ɗaki da katifa, ya kai ɗan bautar ƙasa wurin mai gari ya gabatar da shi, da wadda aka bar shi ya yi ta gararamba. A ta farko yakan koyar da zuciya ɗaya, a ta biyu yana ƙirga kwanaki.

Hujjar masu adawa ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce malamai ba su da lokaci, makarantu ba su da kuɗi. Malamin Turancin da aka naɗa ya kula da mataimaki a Faransa yana da nasa azuzuwan da tarin takardun da zai duba, kuma ɗawainiyar baƙo ƙari ce a kan kayansa. Ban raina wannan ba. Amma abubuwan da suka fi sauya rayuwar sabon zuwa ba masu tsada ba ne. Wasiƙa ɗaya tun watan Agusta da ke bayyana inda makarantar take da yadda ake zuwa. Takardar shaidar masauki da za ta buɗe masa ƙofar banki a makon farko. Ɗaki a sashen kwana, wanda manyan makarantun sakandare da yawa suna da shi, wasu ma suna bayarwa a farashi mai sauƙi, abin da ya nuna sauran ma za su iya idan suka sa kansu. Jadawalin da aka tattara awa 12 ɗin a kwana uku ko huɗu maimakon a warwatsa su, musamman a ƙananan garuruwan da motar haya ke daina zirga-zirga da wuri, ga shi a watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar. Idan kuwa gaskiya ne malami ba zai iya ɗaukar wannan kyauta ba, to a rage masa awa ɗaya ko a biya shi, domin hukumar da ta iya biyan albashin wata bakwai ba za ta gaza wannan ba. Barin abin ga kirkin mutum ɗaya shi ya sa wani mataimaki ke samun uwa a makarantarsa, na garin da ke kusa kuma ba a ko amsa masa saƙo.

Akwai kuma abin da ya shafi musulmi kai tsaye. Makarantun gwamnati a Faransa suna ƙarƙashin ƙa'idar raba addini da hukuma. Dokar 2004 ta hana ɗalibai sanya alamomin addini da suka fito fili, ma'aikata kuwa tun kafin nan an wajabta musu kada su nuna addininsu a bakin aiki, kuma mataimakin malami ma'aikaci ne. Ma'ana, budurwar da ke sa hijabi za a buƙaci ta cire shi a cikin makaranta. Ko mutum ya yarda da wannan doka ko bai yarda ba, zalunci ne a bar ta ta fara jin labarin a bakin ƙofar makaranta bayan danginta sun haɗa kuɗin jirgi. Haka batun sallar Juma'a da jadawali, da abincin da ake dafawa a makaranta. Waɗannan a faɗe su ƙarara tun ranar da aka buɗe neman gurbin, mai nema ya yi shawara da kansa da iyayensa ido buɗe.

Masu cewa yawan kulawa yana sa baƙo ya ƙi shiga mutane suna da abin dubawa, domin an sha ganin mataimakan da suka ƙare wata bakwai a tsakanin 'yan uwansu masu Turanci, suka koma gida Faransancinsu bai ƙaru ba. Sai dai abin da ke tura su can shi ne kaɗaici da rashin wanda ya buɗe musu ƙofa, domin mai neman wanda zai fassara masa takardar haya dole ya nufi wanda yake jin harshensa. Shi ma matashin akwai nasa: ya gaida mutane, ya zauna a ɗakin malamai lokacin cin abincin rana ko da rabin hirar yake ganewa, ya shiga ƙungiyar ƙwallo ko ta karatu a garin, ya tabbatar da bizarsa ta intanet cikin wata uku kamar yadda doka ta ce. Amma duk wannan sai wanda ya kwana lafiya yake iya yi. Takardar da ke nuna makarantar da aka tura mutum takan iso ne a lokacin dogon hutu, makarantu a rufe, kuma nan ne ya kamata ofisoshin jakadancin Faransa da hukumomin ilimi na yankuna su sa sharaɗi: duk makarantar da ta nemi a ba ta mataimaki ta rubuta sunan malamin da zai karɓe shi da inda zai kwana a makonni biyu na farko, kafin a amince da buƙatarta.